Katin 'Yan Tarar Gwaggo Tsahara

'Yan matan da ake turo mini yanzu su koyi aiki, tambayarsu ta farko ɗaya ce: wai wata nawa zai ɗauke su. Nakan miƙa wa mai tambayar 'yar tsana ɗaya in ce ta faɗa mini abin da ta gani. Sai ta juya ta sau biyu ta ce, "Hajiya, ai 'yar tsana ce." Daga nan nake gane da sauran tafiya a gabanmu. Don su nake rubuta wannan, ko da yake karatuna bai wuce firamare ba.

Sana'ata ita ce tantance 'yan tsana na hannu ga masu tara su. Akwai mutanen da suke ajiye irin waɗannan abubuwa kamar yadda wani yake ajiye tsofaffin littattafai. Mutum zai zo da akwati, in shimfiɗa farin ƙyalle a kan tabarma in jera su. In ware na ƙashi daban, na kara daban, na tsumma da na laka daban. Sannan in duba wadda yarinya ta goya har bayanta ya yi santsi, da wadda aka yi don jeren ɗakin amarya ba a taɓa wasa da ita ba, da wadda aka yi don kasuwa kawai. Duk wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne na ƙarshe: hannun wa ya yi ta. Abin da na gano sai in rubuta a ɗan kati in ɗaura mata a ƙugu da zare. Katin nan shi ne sana'ar gaba ɗaya. Duk ranar da aka daina yarda da shi, to na tashi daga aiki ke nan.

Wajen Baffa Isyaku na koya, ƙanin mahaifina. Yana da ɗan shago a Gobarau, cikin birnin Katsina, inda yake sayar da tsofaffin akusa da tasoshi da makamantansu. Masu yin 'yan tsana mata ne a cikin gidaje, shi kuwa iyakarsa zaure, don haka ya ɗauke ni in riƙa shiga ina gano masa. Wata uku na fara yi ban taɓa komai ba sai gashin zabo, ina share ƙura. Bayan nan ya ba ni matsefata ta ɗaga bakin zane, da gilashin ƙara girma mai tsaga a gefe wanda har yau shi nake amfani da shi. Sauran kayan aikin, ya ce, Allah ya riga ya ba ni. Hanci yana bambanta hayaƙin shekaru da hayaƙin jiya. Haƙori kuma, in ka ƙwanƙwasa ɗan dutsen wuya a kansa, zai gaya maka ko gilas ne ko roba.

Ƙa'idarsa ɗaya ce, kullum sai ya maimaita ta. "Kulu, fara da kai. Wadda ta yi kai ita ke da 'yar tsana. Zane kowa na iya ɗaurawa." Haka masu sana'ar suka ɗauka tun kafin a haife ni. Matan cikin gari ba sa yi wa 'yar tsana fuska, ba ido ba baki, saboda gudun yin surar abu mai rai. To in babu fuska, duk gwanintar sai ta koma kan kitso da tsayin wuya da yadda kan ya zauna. Nan ake neman mai aiki.

Ranar da na fara ganin Gwaggo Tsahara tana aiki, ban iya cin abincin da aka kawo mini ba. Tsohuwa ce 'yar firit a wani lungu bayan hasumiya, kuma a garin nan ba a yi kamarta ba. Bayan Babbar Sallah takan aika a tattaro mata ƙasusuwan sangalin raguna, ta binne su cikin toka har su yi fari tas. Ta ajiye kakin zuma a rana ya yi laushi, ta murza shi da baƙin tukunya, ta ɗora a kan ƙashi. Sai ta ɗauki ƙayar aduwa guda ɗaya ta fara kitso. Ina zaune ina kallo kitson doka ya tashi a kan abin da bai kai ƙwan tattabara ba, kowane layi a miƙe, har da 'yan gashin gaban kunne. Ba fuska, amma wallahi sai ka ji kamar in ka yi sallama za ta waiwayo. Da ta gama sai ta danna babban yatsanta a ƙeyar, zanen yatsan ya fito a kan kakin.

"Mi kike kallo haka, ɗiyar nan?" ta ce da ni. "Rufe bakin kada ƙuda ya faɗa."

Na ce, "Gwaggo, yaya kike yi layin bai karkace ba?"

"Ni na san mashi? Yi nike kawai."

Yatsan nan nata yana da tabon yankan wuƙa a tsakiya. Da shi nake gane aikinta ko cikin ɗari.

A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula karo na farko, Gwaggo ta aiko a kira ni. Ta tsufa sosai a lokacin. Ta jawo tasa daga ƙarƙashin gado ta ɗaga faifai, sai ga 'yan tsana tara kwance a jere. Na duba ƙeya, tabon yana nan a kan kowacce. Sannan na ɗaga zanen saƙin da matsefata, na ga abin da ban taɓa gani ba. Kowacce tana da ɗan fatari a ciki, abin da ba wanda zai gani sai ya nema, kuma an kalmashe bakinsa da ɗinki ƙanana kamar ƙwayar gero. Da na sa gilashi sai na lura duk bayan ɗinki bakwai allurar takan koma baya sau ɗaya, sannan ta ci gaba. Bakwai, ta koma. Bakwai, ta koma. Babu inda ta yi kuskure a cikin taran nan. Jigidar ƙugunsu ma kowane dutse da ƙullinsa, ko zaren ya tsinke ɗaya ne zai faɗi.

A ranar, da Gwaggo ta miƙo mini ruwa, rabinsa a kan tabarma ya zube saboda rawar hannu. Na gani da idona. Na faɗa wa Baffa, ya ce gwani in ya kama allura rawar takan tsaya. Ni ma haka nake so in ji. Na zauna na rubuta kati tara: "Gwaggo Tsahara, Gobarau, aikin ƙarshen rayuwarta, kuma mafi kyawunsa." Wani ma'aikacin gwamnati ɗan garin nan da ke zaune a Kaduna, Alhaji Bashir, shi ya ɗauke su duka. Ba a yi shekara biyu ba Gwaggo ta rasu. Daga waɗannan katuna sunana ya fita, har masu tarawa daga Legas suka fara nemana.

A nan ya kamata in kawo Saratu. Maƙwabciyata ce a Ƙofar Kaura, katanga ɗaya ta raba mu. Kirista ce daga kudancin Kaduna, aikin ofis ya kawo mijinta Katsina, ita kuma tana ɗinki da keke a ƙofar ɗakinta. Tare muka yi goyo, tare muka aurar. Ni na fara kai ta gidan Gwaggo, wai tana son kakin da za ta riƙa shafa wa zare. Daga nan sai ta riƙa zuwa ita kaɗai duk Talata, da ɗan kwanon kunu. In na tambaye ta sai ta ce Hausar cikin gari take koyo, don mu daina yi mata dariya.

Na sha zama kusa da kekenta ina ba ta labarin 'yan taran nan. Wata rana ta ce, "Ni fa Kulu, abin na ba ni mamaki. Tsohuwar da ba ta iya riƙe moɗa?"

Na ce, "Ke telar keke ce, da ƙafa kike ɗinki. Ina ke ina sanin aikin hannu?"

Ta yi dariya har ta ɗauke ƙafa daga kan keken, ta share ido da bakin zane. "Gaskiyarki, malamar 'yan tsana. Miƙo mini almakashin nan."

Shekara ashirin bayan wancan, soja suka sake miƙa mulki, kuma ita ce shekarar da ta fi kowacce wuya a sana'ata. Za ku ɗauka kasuwa ce ta mutu. A'a, buɗewa ta yi fiye da kima. Sababbin masu muƙami kowa yana son kayan gargajiya a falonsa da ofishinsa, sai jabu ya cika gari. A yi 'yar tsana yau, a rataye ta a kan murhu kwana uku, a shafe zanen da ruwan goro, a ce ta kakar wani ce. Wasu har fuska suke zana mata da biro don mai saye ya fi so. Wani dillali ya kawo mini kwando guda daga wajen Batagarawa, ya rantse duk na Gwaggo ne. Tun daga bakin ƙofa na ji ƙaurin ɗanyen itace. Na ce ya mayar. Ya tsaya a zaure yana faɗa wa duk mai wucewa cewa baƙin ciki nake yi masa. Baffa ya riga ya rasu, ba ni da wanda zan juya in tambaya. A shekarar nan ba abin da ya rage tsakanin na gaske da na ƙarya sai katina. Alhaji Bashir kuwa ya yi ritaya, yana shirin baje abin da ya tara a wani babban ɗaki a Kaduna, da ɗan littafi mai hotuna, 'yan taran Gwaggo a shafin farko.

A daminar shekarar Saratu ta rasu. Ba zan yi maganar jinyarta ba. Aka kai ta garinsu aka binne.

Bayan sati uku 'yarta Rahila ta shigo mini da hantsi, riƙe da tsohon gwangwanin alewa. Muka gaisa, na sake yi mata gaisuwar rashi, ta ajiye shi a gabana.

"Mama, a ƙasan akwatinta na samu. Na ce ke za ki san abin da za a yi da shi."

Na buɗe. 'Yar tsana ce ta ƙashi, naɗe cikin ƙyalle. Hannuna da kansa ya juya ta ya nemi ƙeya, ga yatsan Gwaggo da tabonsa. Ba ta da zane, ba ta da jigida. Fatari kawai aka ɗaura mata, an kalmashe rabinsa, allurar tana soke a inda aka tsaya, ta yi tsatsa, da guntun zarenta. Na ɗauko gilashi na ƙirga. Bakwai, ta koma.

Na ce, "Gwaggo ce ta ba ta wannan?"

Rahila ta dube ni. "Au, Mama, da gaske ba ki sani ba? Ai mu muna tsammanin kin sani kina rufa musu ne. Gwaggo kai kawai take iya yi a ƙarshe, shi ma sai ta jingina hannu a gwiwa. Mamana ke zuwa ta yi sauran. Tun a makarantar mishan aka koya musu wannan ɗinkin, ita ta ƙara komawar don kada ya warware. Wannan suna cikin yi Gwaggo ta kwanta."

"Me ya hana ta faɗa mini?"

"Ta ce in aka ji hannun Gwaggo ya daina aiki, tsohuwar ba za ta ƙara ɗaga kai a unguwa ba. Bayan ta rasu kuma, in mun ce ta faɗa, sai ta ce ai Maman Sani ta riga ta rubuta, kada a ɓata mata takarda."

Ni ce Maman Sani. Na ajiye 'yar tsanar. Akwai mayafi a kafaɗata, mai laushi, irin wanda keke yake tattaunewa, shi ya sa Saratu takan ce in kawo ta yi mini bakinsa da hannu. Duk mayafaina ita ta yi. Na jawo bakinsa na sa a ƙarƙashin gilashi. Ban ma gama ƙirga na biyu ba na ajiye. Shekara ashirin ina yawo da shaidar a wuyana, ina zuwa gidajen mutane ina koya musu yadda ake gane hannu.

Ku lura da inda na faɗi, don a nan darasin yake. Idona bai gaza ba, ya ga ɗinkin sarai, har ya ƙirga shi. Amma na fara da kai kamar yadda aka koya mini, na ga yatsan Gwaggo, sai na rufe tambaya. Duk abin da na gani daga baya sai na tura shi ƙarƙashin sunan da na riga na rubuta a zuciyata.

Bayan kwana huɗu Alhaji Bashir ya zo da kansa, da takardun littafin don in duba kafin a kai wa masu bugawa. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa, ya yi mini ta'aziyyar maƙwabciya don ya ji labari. Sannan na ajiye masa gwangwanin da mayafin da gilashin, na faɗa masa komai. Ya daɗe yana dubawa.

"Hajiya Kulu," ya ce, "wa ya san wannan ban da ni da ke?"

"'Ya'yan Saratu."

"To, su ba su da littafi. Ai ke kika koya mini cewa mai kai ke da 'yar tsana. Kan na Gwaggo ne. Ina ƙaryar take?"

"Alhaji, me ya sa ka ɗauki taran nan ka bar sauran na Gwaggo da ke shagon Baffa?"

Ya ɗan murmusa ba da son ransa ba. "Fatarin."

"To fatarin ba nata ba ne."

Ya gyara zama. "Bari in faɗa maki abin da zai faru, tunda ke ba ki tausayin kanki. Gari ya cika da jabu. Dillalan da kika kora suna nan suna jira. Ranar da aka ji kin yi kuskure a kan 'yan tara, waɗanda da su aka san ki, za a ce sauran katunan fa? Nawa ma da ke gida sai an dube su da wani ido. Ki bari baje kolin ya wuce, in ya so daga baya a gyara a hankali."

Maganarsa gaskiya ce, na kuma san ba don kansa kaɗai yake yi ba. Na ce, "Saratu ta jira shekara ashirin don kada a ɓata mini takarda. Ba zan ce ta ƙara ba. In ka buga da tsohon katin, hakkinka ne, 'yan tsanarka ne. Amma ka cire sunana daga ƙasa."

"Kai, Hajiya! Kin fi Baffanki taurin kai, Allah Ya jiƙan shi."

"Amin."

Ya tattara takardunsa ya tafi ba tare da ya ce e ko a'a ba. Sati biyu ban ji daga gare shi ba. Ranar wata Laraba sai ga direbansa da akwati, 'yan taran ne a ciki kwance cikin auduga, da 'yar takarda: in sake musu kati, kuma in rubuta da hannuna yadda aka yi kuskuren, zai sa a shafin farko.

Na shimfiɗa farin ƙyalle na jera su. Rabona da ganinsu tun suna cikin tasar Gwaggo. Na ɗauka sanin gaskiya zai rage musu wani abu a idona, sai na ga sun ƙaru. Mace ɗaya hannunta na rawa ta jingina shi a gwiwa ta yi kitson da ba a ƙara yin irinsa ba. Ɗaya kuma ta zauna gefenta duk Talata ta zuba iyakar gwanintarta a wurin da zane zai rufe. Na yanke tsofaffin katunan ɗaya bayan ɗaya. A sababbin na rubuta: "Kai da kitso, Gwaggo Tsahara ta Gobarau. Fatari, zane da jigida, Saratu ta Ƙofar Kaura."

Abin da Alhaji ya faɗa ya faru. Masu tarawa biyu daga Legas ba su sake aiko mini ba har yau. Dillalin nan na kwando ya yi wata guda yana ba da labarina a kasuwa, da ƙari. Wasu suka dawo da kayansu in sake dubawa, na duba, na kuma sami 'yar tsana ɗaya da na gyara katinta. Aiki ya ja baya kusan shekara biyu kafin ya dawo. Rahila ta je Kaduna ta ga baje kolin. Da ta dawo ta ce ta tsaya gaban gilashin ta karanta katin tara duka, ɗaya bayan ɗaya, ko da yake abu ɗaya ne a rubuce.

Alhaji ya nemi ta goman, ya ce a haɗa ta da 'yan uwanta. Rahila ta ce ni ke da ita, ni kuma na ce a bar mini ita. Tana nan cikin gwangwaninta. Duk yarinyar da ta gama wata ukunta na gashin zabo, ita nake fara miƙa mata, in ce ta fara daga ƙasa ta hau, kada ta taɓa ƙeya sai ta gama da bakin zane. Kusan kowacce takan kai hannu za ta zare allurar, wai ta yi tsatsa za ta ɓata yadin. Sai in riƙe hannun.

"Bar ta a nan," nakan ce. "Nan mai ita ta tsaya. Ɗauki gilashi ki ƙirga."